Ranar da Baba ya shafa wa bel ɗina baƙin mai

Ko tsufa ya kwashe min komai, ranar intabiyu ɗina ta Abuja tana nan daram a raina. Lokacin Abuja na ta buɗewa, kowa a Keffi so yake ya samu aiki can, ni kuma ga takardar kira a hannuna. Murna kamar in yi tsalle!

Ina da ɗan babur irin na mata, mai bel na roba maimakon sarƙa. Mahaifina tsohon ɗan acaɓa ne, a wurinsa duk abin da ke juyawa mai yake so. Ashe da asuba ya kwance murfin injin, ya shafe bel ɗin da baƙin mai don kar 'yarsa ta samu matsala. Bai gaya min ba.

Na taso daga Angwan Iya zan ajiye babur a tasha in hau bas. Ina shiga Sabon Gari sai injin ya kama ihu, babur kuwa tafiyar kunkuru. Can na ji tas! Na tura shi gun wani bakanike.

Yana buɗewa ya riƙe baki. "Anti, wa ya yi wannan aika-aika? Roba ce fa! Mai ya sa ta santsi, ta yi zafi, ta tsinke. Sabo kuma sai an aiko daga Kaduna."

"Ni ne," in ji wata murya a bayana. Baba ne a kan tsohon mashin ɗinsa, wai ya biyo ni a ɓoye ya ga tashina. Kunya ta rufe shi, ya ce, "Uwata, hau. Ni na ɓata, ni zan kai ki."

Kai, ban taɓa sanin tsohon nan haka ba! A Mararaba motoci sun cushe, ko motsi babu, har na hango bas ɗin da ya kamata in hau a tasha. Lokacin ba a hana acaɓa shiga birni ba, Baba ya dinga kurɗawa, ina ihu ina dariya, mayafina na tashi. Ana kiran sunana muna tsayawa a ƙofar ofishin.

Na samu aikin. Tun ranar na koyi abu biyu: bel ba ya shan mai, kuma wanda ya ɓata maka abu don ƙauna, kar ka yi saurin fushi da shi. Baba ya rasu yanzu, amma guntun bel ɗin yana cikin akwatina.