Faɗuwar da Na Ɓoye wa Iyalina

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce komai a shafin nan ba. Masu tambaya ko na sayar da keken ne, da masu zaton fushi na yi, ku yi haƙuri. Ciwo na yi, kuma sai yanzu nake iya ba da labarinsa.

Kun san al'adata. Duk Asabar bayan sallar asuba, ni da maƙwabcina Malam Bitrus, mai walda a Ƙofar Sauri, mukan hau kekunanmu mu bar kwalta mu bi burji cikin ƙauyuka. Can babu mota, sai gonaki da duwatsu, tudu da gangare, sai shanu in sun tare hanya.

A wani gangare ne, ƙarshen damina. Na kama birkin gaba a kan tsakuwa, taya ta zame, na sauko da gefen hagu na kaina.

Ban suma ba. Jini bai fito ba, sai ɗan ƙulu. Malam Bitrus ya ce, "Malam Sada, mu biya asibiti a duba kan nan." Na ce ba komai. Na kuma roƙe shi kada ya gaya wa matata, Maman Ummi, don dama kullum cewa take mai shekara arba'in da bakwai ya wuce tseren keke.

Sati uku lafiya lau. Sannan ciwon kai ya fara, mai nauyi, kamar an ɗora mini turmi. Na je kemis na sayi maganin maleriya, daga baya na taifot. Bai ragu ba.

A ofis na sa hannu a takarda, aka dawo mini da ita, wai wannan ba sa hannuna ba ne. Na duba. Gaskiya suka faɗa.

Sai ƙafar dama ta fara ja. Takalmi yakan fita ban sani ba. A sallar la'asar na tsaya cak a tsakiyar Fatiha, na rasa ayar da ke gaba.

Ranar da na tsorata sosai, ɗiyata ta kawo mini shayi. Na kalle ta, na san tawa ce, amma sunanta ya ɓace mini. Ina ta lalube a kaina babu. Kofin ya suɓuce daga hannuna.

Maman Ummi ta ce, "Malam, mi ya same ka?" Na buɗe baki, kalmomin suka fito a hargitse.

Malam Bitrus ne ya samo mota ya kai mu asibiti. Aka gwada hawan jini, aka ɗebi jini, aka haska idanuna. Kowa na zaton shanyewar ɓarin jiki ce. Sai likitan ya tambaya, "Ya taɓa buga kansa a watannin nan?"

Matata ta ce a'a.

Malam Bitrus yana bakin ƙofa. Ya ce, "Likita, ya buga. Ina wurin." Ya juyo wajena. "Ka yafe mini, Malam Sada."

Maman Ummi kallona kawai ta yi.

Aka tura mu ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wanda shi kaɗai ya cinye kusan rabin albashina. Likita ya ɗaga hoton ya nuna wani wuri kamar jinjirin wata. Ya ce, "Jini ne yake tsattsafa a hankali tun ranar, ya taru yana danne ƙwaƙwalwa. Sai mun huda ƙoƙon kai mun fitar da shi. Ba za mu wuce gobe ba."

Huda kai. Ban ƙara jin sauran bayaninsa ba.

Ban iya riƙe biro ba, matata ce ta sa hannu a takardar tiyata. Da safe nas ta aske mini rabin kai. Ina kwance ana tura ni, ina ƙoƙarin yin kalmar shahada, harshena ya ƙi. Wannan ya fi komai firgita ni: in mutu ban iya faɗinta ba. Maman Ummi ta sunkuyo ta riƙa faɗa mini a kunne har ƙofar ɗakin tiyata.

Na farka da roba a kaina tana fitar da baƙin jini. Likita ya ce in matse yatsunsa. Na matse. Ya ce in kira sunayen 'ya'yana. Na kira su ukun a jere. A nan matata ta fashe da kuka.

Kwana tara muka yi. Bayan sallama aka shiga gashin ƙafa da hannu wata biyu. Duk ɗan ciwon kai sai gabana ya faɗi, har aka sake hoto aka ce jinin bai dawo ba.

Na koma hawa makon jiya, da izinin likita da na Maman Ummi. In mun zo gangare sauka nake in tura. Malam Bitrus yakan jira ni a ƙasa.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci da nas-nas, da 'yan ofis da 'yan masallacinmu da suka tallafa. Maman Ummi, Allah Ya saka miki da Aljanna. Malam Bitrus, Allah Ya bar zumunci.

Masu hawa, ku sayi hular kwano ku riƙa sawa, ko da nan da kasuwa ne. In kun buga kai, ku faɗa a gida, ku je a duba. Ciwon kan da ya ƙi jin magani, ko wani naku ya fara mantuwa da jan ƙafa, kada ku tsaya kemis.

Na baro wani dattijo a gadon da ke kusa da nawa, daga kan amalanke ya faɗo, an makara kawo shi. Ban san sunansa ba, Baba kawai muke ce masa. Ku sa shi a addu'a.