Jan Layi a Ƙofar Ɗakin Awo

A jami'a Baba Tanderu suke ce masa. A gida kuwa babanmu ne, mutumin da shayinsa kullum sai ya huce saboda surutun aiki. Aikinsa gashi ne, amma ba na abinci ba. Garin manganis yake niƙawa da wasu ƙarafa, ya danne shi ya zama ƙwaya kamar ta magani, ya gasa a tanderun lantarki cikin iskar naitorojin, kwana da kwanaki.

Taurin kan ƙwayoyin nan ne ya sace masa zuciya. Kowane ƙarfe in ya ji zafi buɗewa yake yi, su kuwa tsukewa suke.

"Maganaɗisun da ke cikinsu ne ke riƙe su a buɗe," yakan ce mana. "Zafi na warware shi, sai su motse."

"To, Allah ya ba su lafiya," in ji Umma. "Sha shayinka."

Tun muna firamare burinsa ɗaya ne: ya gasa ƙwayar da za ta tsuke sannu a hankali a zafin ɗaki, ba farat ɗaya ba, kuma ya ga hakan da idonsa. Ba ya yarda kowa ya ɗaukar masa ƙwaya. A tafin hannunsa yake kai ta ɗakin awo, ya sa ta cikin na'ura mai ƙaton maganaɗisu, ya kafa wa allon kwamfuta ido har sakamako ya fito. Ɗalibai sun yi masa dariya har sun gaji.

Sai zuciyarsa ta fara gardama. Ya faɗi a gaban tanderu, asibiti suka dasa masa 'yar na'ura a ƙirji mai daidaita bugun zuciya. Likita ya ja masa kunne: kada ya kuskura ya kusanci maganaɗisu mai ƙarfi. Farfesa, matar da ke shugabantar sashen, ta sa aka ja jan layi a ƙofar ɗakin awo. Ba ta kore shi ba, kuma na san alheri ta yi nufi. Ni dai har yau na tsani layin nan.

Bayan ya koma aiki, ranar da ya fito da ƙwayar farko daga tanderu, ina wurin, na kai masa maganin da ya manta a gida. Ya taho kai a sunkuye, ƙwaya a tafin hannu, kamar yadda ya saba. Ƙafarsa na gab da layin Farfesa ta sha gabansa.

"Baba Tanderu, don girman Allah."

"Sa ta kawai zan yi in fito, ranki ya daɗe."

Ta miƙo hannu. Na kama masa hannun riga.

"Baba, ba ta."

Ya daɗe yana kallon ƙwayar kafin ya juye ta a hannunta. Aka rufe ƙofa, muka zauna a benci. Can sai ihu da tafi suka tashi a ciki. Farfesa ta fito da gudu.

"Ta yi! Wallahi ta yi! Zo ka ga..."

Sai idonta ya sauka a kan layin, maganar ta maƙale.

"Na ji, ranki ya daɗe," ya ce. "Na ji."

Hannunsa na kan gwiwa, tafin a buɗe yana kallon sama. Har muka isa gida bai rufe shi ba.