Yadda aka cike giɓin da ke ƙashin ƙafata

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ba na jin zan manta da shekarar da amalanke ya taka ni. Muna ɗauko gyaɗa daga gonarmu a Gafasa, shanun suka firgita, na faɗo, taya ta bi ta kan ƙaurina na dama.

Mahaifinmu maɗori ne, har daga Gaya da Kademi ana kawo masa karaya. Aka kira shi bakin gonar, ya tsuguna ya shafa ƙafar yana laluben ƙashin. Can ya ce, "Ƙashin ya dagargaje. Wannan ya fi ƙarfin karan ɗorina. A nemo mota."

A asibiti a Kano aka tsince gutsattsarin da suka lalace, aka riƙe ƙafar da ƙarafa. Wata ya bi wata, ƙashin ya ƙi haɗuwa, don an bar giɓi kamar faɗin yatsa uku. Har na fara jin ana raɗe-raɗin yankewa. Abinci ma ya daina shiga, sai tunanin yadda manomi zai yi da ƙafa ɗaya.

Autarmu likita ce, lokacin tana koyon aikin ƙashi a hannun wani babban likita. Gaskiya ni har sannan kallon yarinyar da nake ɗauka a keke zuwa firamare nake yi mata. Wata safiya ta shigo ɗakin da nake kwance, Baba na zaune a bakin gado, ta miƙa masa wani farin abu mai ƙananan huji kamar soso, amma mai tauri.

"Baba, irin wannan za mu saka a giɓin," ta ce. "Za mu zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugun Yaya. A cikinsa akwai ƙwayoyin da ke iya zama sabon ƙashi. Mu tace su, mu zuba a nan, su sami wurin kamawa su yaɗu. A hankali abin zai narke, ƙashinsa ya maye wurin."

Baba ya jujjuya shi, ya ɗaga shi wajen taga yana leƙa hujin. "Kin tabbata zai kama?"

"Ban tabbata ba, Baba. Wasu yakan kama, wasu ba ya kamawa. Amma na ga ya cancanci a gwada kafin a yanke."

Wannan amsar ce ta sa na yarda. Da ta yi mini alkawari, da na yi shakka. Baba ya ce, "Ni shekara da shekaru daga waje nake tallafar ƙashi. Ke kuma daga ciki. To, bisimilla."

Babban likitan ne ya yi aikin, tana gefensa tana taimaka masa. Sauƙin bai zo da wuri ba. Hoton farko bai nuna komai ba, na koma gida jiki a sanyaye. Sai a zuwa na uku ta nuna mana wani fari-fari da ya fara haɗa bakin ƙashin biyu. Baba bai kula hoton ba. Ya naɗe hannun riga, ya bi ƙaurin da babban yatsa yana dannawa a hankali, kamar yadda yake yi wa masu zuwa zaurensa. Ya ɗago ya dube ta.

"Likita, ya kama."

Ranar ya fara kiranta da haka, kuma bai sake ce mata Auta ba har ya rasu. Ta sunkuyar da kai tana share ido da bakin mayafi, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina don daɗi.

Damina biyu bayan nan na shiga kasuwar Ajingi da ƙafafuna, ina ɗan ɗingishi, kuma har yau da shi nake noma. Abin ya koya mini girmama wanda ya san iyakar saninsa ya kuma faɗa. Tsohon nan ya faɗa a bakin gona, 'yarsa ta faɗa a asibiti, shi ya sa nake tsaye.