Kafaɗa Ce Mai Ɗaukar wa Kai

A bencin asibiti nake rubuta wannan. Ƙanwata Talatu na ciki kwana uku, ba ta gane kowa. Sankarau.

Tun jiya muryar Kaka nake ji. Da muna yara a Sheda, in an ci tuwon yamma sai ta tura doya cikin garwashi, mu zagaye ta, ni da Talatu muna faɗa kan wa zai zauna jikinta. Gbagyi ce, Hausarta irin ta kasuwa. "Ga ta nan, ga ta nan," za ta ce, "wanda ya yi gyangyaɗi babu doyanshi."

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta Kai da Kafaɗa. Wai Kai ya yi kuka, shi ke gani, shi ke ji, shi ke tunani, kuma a ɗora masa itace? Kafaɗa ta ce, a ba ni kayan, ɗan ciwo kaɗan ba zai kashe ni ba. Shi ya sa matanmu ke ɗaukar kaya a kafaɗa har yau. Wata yarinya ta ce ita kafaɗarta ta ado ce, ta ɗora tulu a ka. Wuyanta ya sandare, ko ƙafarta ba ta iya kallo.

"Sai me, Kaka?"

"Sai ki ci doyanki. Kai sarki ne, ba jaki ba."

Da Talatu ta samu kwaleji, an ce duk mai zama a hostal ya yi allurar rigakafin sankarau. Su takwas ne a ɗaki, taga ɗaya. Ta kira ni tana shagwaɓa.

"Yaya, layin fa ya kai get. Kuma an ce hannu na kumbura."

Ina cikin go-sulo a hanyar Lugbe, ogana a wajen aiki sai kirana yake yi. Na ce, "Bari sai hutu."

Ran Litinin ta sake kira, wai zazzaɓi, kuma wuyanta ya ƙage. Wallahi dariya na yi.

"Kin fara ɗaukar bokiti a ka ko, 'yar birni? Da Kaka na da rai da kin sha mari. Shafa man zafi."

Ita ma ta yi dariya, a hankali. Washegari 'yan ɗakinta suka kawo ta nan a keke napep, haske ma ba ta so.

Ɗazu na tambayi nas, wai a ina ake yin allurar? Ta taɓa saman hannunta, nan gindin kafaɗa.

Sai na zauna a ƙasa.

Shekara nawa ina ɗauka zancen tulu da itace Kaka take yi. Don Allah, in kana da ƙani ko ƙanwa a hostal, kira su yanzu, su je su miƙa kafaɗa, ko layin ya kai Masaka. Ku sa Talatu a addu'a. Likita ya ce mu jira mu gani ko za ta juya kai in na kira sunanta.

Zan shiga in sake kira.