Ƙafar Mama a Kan Birki

Babanmu makanikin birki ne, birki kaɗai. Ka kawo masa injin da ke tari, sai ya nuna maka hanya, ya ce shi tsayar da mota ya koya, tafiyarta ba ruwansa. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan gidanmu, daidai tagar kicin. Duk layin Taka-Riƙe ake ce masa, don abin da aka fi ji daga bakinsa ke nan tun safe.

Dalili kuwa, duk wanda ya kwance bututun birki dole ya fitar da iskar da ta shiga, in ba haka ba birkin ya yi laushi ya ƙi kamawa. Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya na kan kujera yana taka birki ya riƙe, ɗaya na ƙarƙashi yana buɗe ɗan notin da iska ke fita, ya rufe. Mai takawa ya saki kafin a rufe, iska ta koma, a faro daga farko. Shekara talatin da ɗaya Mama ce a kan kujerar nan, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa saki kafin ya ce saki ba.

Sai wani abokinsa ya kawo masa wata kwalba mai robar tiyo da ɗan bawul mai hana iska komawa, wadda ke sa mutum ɗaya ya yi aikin shi kaɗai. Baba ya shigo da ita tsakar gida yana washe baki, ga ƙanwar Mama ta kawo ziyara.

"Kun ga wannan?" in ji shi. "Ba ta cewa gwiwarta na ciwo. Ba ta tashi ana tsakiyar aiki ta ce girki zai ƙone."

Muka yi dariya, har da ni, Allah ya yafe min. Mama ba ta yi ba. Daga ranar ta daina yi masa magana. Yana zaune gabanta za ta ce, "Ki gaya wa babanki ruwan wankansa ya huce." Ni da na ɗauki hutu daga wurin aiki don in zo in miƙe ƙafa, na koma 'yar aike tsakanin mutum biyu da ke cin abinci a tabarma ɗaya. Abin ya ƙona min rai, ya kuma ba ni tsoro, don ban taɓa ganin shirun Mama ya wuce kwana biyu ba. Baba kuwa, a cire masa haƙori ya fi masa sauƙi da ya ce a yi haƙuri.

A makon ne wani tsohon likitan dabbobi ya kawo motarsa, wata doguwa mai hanci wadda ta girme ni, yana so a cire mata tsohon birkin gaba a sa na faifai. Irin aikin da Baba ke so ke nan. Ya lanƙwasa waya ya ɗauki fasalin hanya, sannan ya bi fasalin da sabon bututu, a hankali, kada ya murƙushe. Ya buɗe bakin kowane bututu ya duba a rana. Ya ɗaura bawul ɗin da ke rage wa ƙafafun baya ƙarfi don kada su riga na gaba kamawa. Kwana biyu ya gama, saura fitar da iska.

Nan kwalba ta kasa. Kwana uku yana fama, birki na nitsewa har ƙasa. Kuma duk ƙorafinsa sai ya matso kusa da tagar kicin yake yi.

"Kai, wannan abu! Ai ƙafar da ta san aiki daban ce!"

Na fita kai masa ruwa, na leƙa bayan faifan. A rumfar nan na girma, na san iska sama take hawa, don haka notin fitar da ita a saman kalifa yake zama, wato abin da ke cafke faifan. Nasa duka biyun ƙasa suke kallo. Ya sa na dama a hagu, na hagu a dama. Ko shekara za a yi, iska ba za ta fita ba.

"Baba, ai ka juya su."

"Wa ya tambaye ki?" Ya waiga taga. "Ajiye ruwan ki wuce."

Sai a lokacin na gane. Tsoho da furfurarsa ya ɓata aikinsa da gangan, ya bar likita na zarya a ƙafa, don kawai kada ya buɗe baki ya ba da haƙuri.

Rana ta goma sha biyu da fara shirunta, Mama ta fito tana goge hannu, ta buɗe motar ta zauna. Baba ya shige ƙarƙashi da sauri har yana buga kai.

"Taka!"

Ƙafarta ba ta motsa ba. Ni ta kalla.

"Ki gaya wa babanki tun ranar da ya ɗaura su na gani ta taga. Ya gyara, ni ba na taka aikin ƙarya."

Sai ƙarar sufana. Aikin da ya ci kwana uku, ko minti ashirin bai ɗauka ba.

"Taka."

Ba ta taka ba.

"Maman yara, taka mana."

"Ki ce masa ya kira kwalbarsa."

Ina ganin ƙafafunsa kawai, sun leƙo daga ƙarƙashin mota, ɗaya takalmin ya fita. Da muryarsa ta fito, ƙasa-ƙasa ta fito.

"Na yi kuskure. Na kunyata ki a gaban ƙanwarki. Ki yafe min."

Mama ta gyara zama, ta cire silifa kamar yadda take yi kullum. Ta taka sau uku, ta danne. Wannan karon ba ta neme ni ba, ta sunkuyar da kai wajen ƙasan motar.

"Na riƙe, Malam," ta ce. "Buɗe."