Ashe Kawu Idi ɗan rok ne

Jama'a, har yanzu dariya nake!

Ɗazu na ɗauko Kawu Idi daga unguwar Bab Makka a nan Jidda, carbi a hannunsa. Ina tayar da mota, tsohon faifaina na kiɗan Turawa na rok ya ɓarke da ƙarar jita. Na yi sauri na kai hannu zan kashe.

"Kai, bar shi! Yalla, ƙara murya!"

Sai ga Kawu yana buga cinya daidai da ganga.

"Kawu, ka san shi?"

"Tun ina dako a tashar jiragen ruwa wani ma'aikacin jirgi ya ba ni irinsa. Duk hayaniyar da kuke ji yau jikokinsa ne. Amma halas, magana ta ƙare nan, kada Hajiya ta ji."

Matar tasa ba ta leƙowa shafin nan, ku rufa mana asiri. Wa ya taɓa kama dattijon gidansu haka?