Kawu Shekuwe, Ka Bar Mini Kwalbar Taki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, Allah ya karɓi ran kawuna, Shekuwe Lali na garin Shimoni da ke bakin teku, yana alwalar Azahar, ba ciwo ba jinya.

Kawu, kai ka koya mini renon murjani, halittar nan ta ƙarƙashin teku mai kama da dutse, a tankunan gilashi har ya yi ƙwarin da za a mayar da shi teku. Lokacin da nakiyar masunta ta farfasa murjanin gaɓarmu kifi ya ƙaura, kai ka riƙa nutso kana tsinto gutsattsarin da ke da sauran rai. Mutane suna cewa, "Shekuwe ya zare, dutse yake goyo!" Yau 'ya'yansu ke kamun kifi inda ka dasa.

Ciyawar tekun da ke tace mana ruwa, da takin furanni mai sinadarin ƙarfe kake ciyar da ita. Ka sha gaya mini: in ya yi kaɗan ciyawa ta ruɓe ta ɓata ruwa, in ya yi yawa gansakuka ta shaƙe murjani. Sabuwar kwalba kuwa ba ta kusantar tanki sai ka gwada ta a bokiti da jatan lande, don wani takin da tagulla a ciki, ita kuwa guba ce ga jatan lande da murjani. Ran da na yi garajen buɗe wata, ka riƙe hannuna: "Ke Mwanaidi, wannan ba miyar kwakwa ba ce da za ki ƙara gishiri!" Da yamma ka kawo mini alawa.

Amma ma'auninka a idonka yake, Kawu. Launin ciyawa kake kallo ka ɗiga. Nakan ce ka nuna mini, sai ka ce, "Gaggawar me? Ina nan."

Tun da aka kai ka makwanci ciyawar ke koɗewa, murjani ya fara tsukewa. Wallahi tsoro nake ji. Yau da safe na yi bismillah na ɗiga takin. Har yanzu ban san ko abinci na ba su ko ajali ba. In suka mutu, sau biyu ke nan na binne ka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Time da 'ya'yanka da masuntan Shimoni. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Abin da ka rena kuma, Allah kada ya kashe shi a hannuna.